Yankee Doodle Dandy: Yabon Gwani da Abin da Yabo ya Ɓoye

A cikin watan Disamba na 1941, daidai lokacin da kamfanin Warner Brothers yake fara ɗaukar wani fim na kiɗa da rawa a Hollywood, sai labari ya iso cewa jiragen saman Japan sun kai hari a kan mashigin jiragen ruwan Amurka da ke Pearl Harbor. Ran 7 ga wata ke nan. Kashegari Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Fim ɗin da ake ɗauka kuwa shi ne Yankee Doodle Dandy, watau tarihin rayuwar wani mawaƙi mai suna George M. Cohan. Kafin a cika wata shida an gama shi, aka fara nuna shi a birnin New York ran 29 ga watan Mayu 1942. A daren nan ba a sayar da tikiti yadda aka saba ba. Duk mai son kujera sai ya sayi takardar ba gwamnati rance domin yaƙi, har aka tara fiye da dala miliyan biyar.

Tun daga wannan lokaci fim ɗin yake cikin waɗanda Amurkawa suka fi alfahari da su, har a 1993 aka sa shi cikin jerin finafinan da babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin ƙasar yake adanawa. To, amma akwai tambayar da ta daɗe tana bin sa, ita ce kuwa: shin wannan tarihi ne, ko kuwa kirari? Amsar tana da amfani ga duk mai shiga silima ya kalli rayuwar wani babban mutum, ya fito yana zaton ya san shi.

George M. Cohan jinin mutanen Ailan ne, an haife shi a garin Providence a 1878. Mahaifinsa da mahaifiyarsa 'yan wasan yawo ne, suna bin garuruwa suna kiɗa da rawa da ban dariya. Shi da 'yar'uwarsa Josie a kan dandali suka tashi, su huɗu suka zama ƙungiya guda. Da ya girma sai ya koma unguwar Broadway, matattarar gidajen wasan kwaikwayo ta New York. Shi yake rubuta wasa, shi yake tsara waƙa, shi yake rawa, sau da yawa kuma shi yake zuba kuɗin. A 1904 wasansa mai suna Little Johnny Jones ya fito da shi fili. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, ya tsara waƙar Over There, wadda ta zama abin da sojoji suke rerawa in za su tafi fagen fama a Faransa.

Kafin a auna fim ɗin, ya kamata a san irin gidan da ya fito. A zamanin nan 'yan kamfanoni kaɗan ne suke riƙe da sana'ar silima a Amurka. Su ke da filin ɗauka, su ke da 'yan wasa, waɗanda akan ɗaure da yarjejeniyar da takan kai shekara bakwai, manyan cikinsu kuma su ke da gidajen siliman da ake nunawa. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya raba su da gidajen nan. Bugu da ƙari, tun 1934 ake aiki da wasu ƙa'idodin tace finafinai masu tsanani game da aure da ɗa'a da addini. A cikin wannan tsari tarihin mawaƙi ya zama kasuwa mai riba, domin waƙoƙin sun riga sun shiga zukatan jama'a, abin da ya rage kawai a samo labarin da za a rataya su. Haka aka yi wa George Gershwin a 1945, da Cole Porter da Al Jolson a 1946, da Glenn Miller a 1954.

Labarin Yankee Doodle Dandy ba shi da wuyar bi. Cohan ya tsufa, yana fitowa a wani wasa inda yake kwaikwayon Shugaba Franklin Roosevelt, sai aka aiko masa daga fadar White House. Ya tafi gabansa yana faɗuwa, yana tsammanin faɗa za a yi masa. Shugaban kuwa, wanda ba a nuna fuskarsa sai bayansa, ya sa shi ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa tun daga haihuwa. Da ya ƙare aka miƙa masa lambar girma.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne James Cagney, wanda ya fito a matsayin Cohan. Kafin nan 'yan kallo sun fi saninsa da fitowa a ɗan daba mai bindiga, kamar a The Public Enemy na 1931. Ba kowa ya san da rawa ya fara cin abinci ba. Rawar da ya yi a nan ba irin ta lallausan jiki ba ce. Yakan sandare ƙafafu, ya karkata gaba kamar zai faɗi, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙasa da takalmi, har ya taka bangon gefen dandali ya juyo. Muryarsa ba ta zaƙi ba ce, saboda haka rabin waƙa yake yi rabin magana, kuma da ma haka shi Cohan yake yi. Ta wannan hanya ya nuna halin mutumin ba tare da dogon bayani ba: mai ji da kai, mai gaggawa, wanda bai yarda akwai ƙofar da za ta ƙi buɗe masa ba. A ƙarshen fim, yana saukowa daga matakalar fadar shugaban ƙasa, sai ƙafafunsa suka ɓarke da rawa tun daga sama har ƙasa. Wannan 'yar sauka ta fi kowane jawabi na cikin fim ɗin bayyana murnar tsoho da aka tuna da shi. Cagney ya sami kyautar Oscar ta gwanin 'yan wasa maza saboda wannan aiki, ita ce kaɗai kuma ya taɓa samu. Fim ɗin ya ƙara samun wasu biyu, ɗaya ta kiɗa, ɗaya ta ɗaukar sauti.

Abu na biyu shi ne gwanintar ma'aikata. Michael Curtiz, mutumin Hangari, shi ne darekta, shi ne kuma ya yi Casablanca a cikin wannan shekara. Mai kyamara James Wong Howe ne, haifaffen ƙasar Sin. Su biyun sun sa fim na sa'a biyu da 'yan mintoci yana tafiya ba tsayawa. Sun kuma yi wata dabara mai kyau: kusan kowace waƙa a kan dandali ake yin ta, gaban 'yan kallo, yadda aka yi ta tun asali. Saboda haka mai kallo yana ganin kamannin wasannin Amurka na farkon ƙarni na ashirin, waɗanda yawancinsu ba a ɗauka a fim ba. Abin lura ne kuma cewa fim ɗin da ya fi kowane kaɗa tutar Amurka, baƙi biyu ne suka riƙe ragamarsa.

Abu na uku shi ne zumunci. Walter Huston ya fito a uban, Jeanne Cagney, ƙanwar James ta gaske, ta fito a 'yar'uwar. Inda uban yake kwance a bakin mutuwa, ɗan yana maimaita masa kalmomin godiyar da iyalin suka saba yi wa 'yan kallo, wuri ne da yake taɓa zuciyar kowa, ko da bai san kome game da Broadway ba.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, amma tarihi a bakin mai shi ba kullum yake fin gaskiya ba, kuma a nan aibin fim ɗin ya samo asali. Cohan yana da rai sa'ad da ake shirya shi, kuma bai ba da izini ba sai da aka ba shi ikon duba rubutun. Mutum ne da ba ya son a taɓa sirrin gidansa. Sau biyu ya yi aure. Matarsa ta fari, Ethel Levey, 'yar wasa ce da ta yi suna tare da shi, suka rabu a 1907, daga baya kuma ya auri Agnes Nolan. Fim ɗin ya share su duka biyu, ya ƙirƙiro mace ɗaya mai suna Mary, mai haƙuri, wadda ba ta da buri sai nasa. 'Ya'yansa huɗu ba a nuna ko ɗaya ba. Ethel Levey ta kai kamfanin ƙara, amma ba ta ci nasara ba, domin kotu ta ga matar cikin fim ba ta yi kama da ita ba. Ko ranar haihuwarsa an gyara. Takardar cocin da aka yi masa baftisma ta nuna 3 ga watan Yuli, shi da iyayensa kuwa suka dage a kan 4 ga wata, ranar bikin 'yancin Amurka, fim ɗin kuma ya bi su.

Waɗannan ƙanana ne in an gwada su da abin da ya faru a 1919. A wannan shekara 'yan wasan New York suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta Actors' Equity, suna neman a daina sa su gwaji na makonni ba biya, a kuma daina yasar da su a garin da wasa ya karye. Cohan, wanda ya fito daga cikinsu, ya tsaya tare da masu gidajen wasa, ya yaƙi yajin da bakinsa da aljihunsa. Ƙungiyar ta yi nasara. Shi kuwa ya rasa abokai da yawa, bai daɗe ba ya rabu da abokin cinikinsa Sam Harris, kuma har ya mutu bai shiga ƙungiyar ba. Wannan shi ne babban rikicin rayuwarsa, inda karimcinsa da taurin kansa suka yi karo. Fim ɗin bai ambace shi ba ko da kalma ɗaya, sai ya nuna rabuwarsa da Harris cikin lumana da musafaha. Abin mamaki, Cagney da ya fito a matsayinsa ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na gaske, a 1942 ma ya zama shugaban ƙungiyar 'yan wasan silima. Shi ma yana da tasa bukata, domin a 1940 an zarge shi da goyon bayan kwaminisanci, ko da yake an wanke shi. Fim irin wannan ya rufe bakin masu zargi.

Akwai kuma abin da 'yan kallo baƙar fata ba za su wuce shi ba. A wani ɗan wuri an nuna iyalin Cohan sun shafa wa fuskokinsu baƙi suna rawa, bisa wata tsohuwar al'adar fararen Amurka ta kwaikwayon baƙar fata don ban dariya. Gaskiya ne an yi haka a zamanin, amma fim ɗin ya nuna shi kamar wani abin marmari. Baƙar fata na gaske kuwa, in ban da baran fadar shugaban ƙasa, sai cikin taron mawaƙa ake ganinsu, suna tsaye gaban gunkin Abraham Lincoln. Alhali kuwa rawar buga ƙafa da ake tafa wa Cagney, baƙaƙen Amurka suna da babban rabo wajen ƙirƙiro ta tare da mutanen Ailan. An kuma yi fim ɗin a lokacin da sojan Amurka baƙi da farare ba sa zama a rukuni ɗaya.

Shekaru ma an murɗa su don su dace da bukata. Wasan da Cohan ya kwaikwayi Roosevelt a 1937 aka yi shi. Lambar zinariya ta Majalisa a 1936 aka amince da ita, a 1940 aka miƙa masa. Fim ɗin ya haɗa su a dare ɗaya, sa'an nan ya fito da shi kan titi ya tarar da sojoji suna maci zuwa sabon yaƙi. Suna rera Over There, wani soja kuma, da bai gane shi ba, ya tambaye shi ko bai san waƙar ba ne. Tsohon ya shiga sahu yana rerawa. Ba haka abin ya faru ba, amma da wuya a sami ƙarshen da ya fi wannan dacewa da ƙasar da take tura 'ya'yanta fagen fama.

To, ina hukunci ya tsaya? Mai adalci zai ce aikin maroƙi aka yi, kuma an yi shi da gwaninta. Ba a zuwa wurin maroƙi don a ji laifin ubangidansa, ba a kuma ɗaukar kirarinsa a kai kotu a matsayin shaida. Wanda ya kalli Yankee Doodle Dandy don ya ga rawar Cagney, ya ji waƙoƙin da suka motsa Amurka, ya kuma fahimci halin da mutanenta suke ciki a 1942, ba zai yi asarar lokacinsa ba. Wanda yake son sanin Cohan kansa, mai kyauta da riƙo, mai son 'yan wasa da ƙin ƙungiyarsu, sai ya nemi littattafan tarihi.

An nuna wa Cohan fim ɗin yana fama da ciwon daji, ya kuma rasu ran 5 ga watan Nuwamba 1942, yana da shekara 64. A 1959 aka kafa gunkinsa a dandalin Times Square, a tsakiyar unguwar da ya yi wa waƙa. Dubban mutane suna wucewa ta gabansa kowace rana, kuma in akwai waɗanda suka san sunan a cikinsu, yawanci fuskar James Cagney suke tunawa.