Babur Ba Takardu: A Gyara Kafin a Biya

A Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, babur na hannu shi ne jarin ɗan kabu-kabu da abin hawan ƙaramin ma'aikaci. Sau da yawa mai sayarwa kan ce rasit ya ɓata, dillali ya ce "ai na san shi", a biya la'ada a watse. Sai an je neman lamba, ko an ci karo da shingen 'yan sanda, mai saye yake gane cewa ba shi da abin da zai nuna babur ɗin nasa ne.

Takardun da suka ɓata suna da magani, amma maganin yana hannun mai sayarwa, don haka kafin kuɗi su bar aljihu ya kamata a nema. Shi ne zai je ofishin 'yan sanda ya ba da rahoton ɓatan, a ba shi takarda, ya kuma je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa babur ɗin mallakarsa ne. Mutane da dama suna juya lamarin, mai saye ya je ya rantse da kansa, alhali bai san inda babur ɗin ya kwana ba kafin ya zo hannunsa. Rantsuwa ba ta halatta kayan sata. Kafin wannan duka, a durƙusa a goge maiƙo a karanta lambar casis da ke wuyan babur da ta jikin inji. Idan an ga alamar kankara, ko walda, ko sabon fenti a daidai wurin kaɗai, ciniki ya ƙare. Idan lambobin lafiya suke, a sa su cikin takardar ciniki tare da farashi, hoton mai sayarwa, shaidar ɗan ƙasarsa da sa hannun shaidu biyu. Da waɗannan ake tunkarar ofishin lasisi na hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jiha, jami'an VIO su duba, a yanki inshora, a karɓi lambar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take bugawa. Babur ɗin da ya shigo ta Illela daga Birnin Ƙonni kuma, sai an nemi takardar kwastan.

Za a ce wannan wahala ce da kashe kuɗi a kan tsohon babur, kuma neman rubutu daga maƙwabci tamkar zarginsa ne. Ƙorafin kuɗin gaskiya ne, musamman idan 'yan tsakiya suka shiga, shi ya sa ya fi kyau mutum ya je ofis da ƙafarsa ya karɓi rasit. Batun zargi kuwa ba shi da tushe a garin Shehu, domin aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a ciniki. A fiƙihun Malikiyya ma, idan mai kaya na asali ya bayyana da hujja, kayansa zai karɓa, mai saye ya koma neman wanda ya sayar masa. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, kuma a yankin da 'yan bindiga suka mai da babur abin hawansu, wanda aka kama da marar lamba zai sha tambayoyi kafin a saurari uzurinsa.

Mai saye, idan mai babur ya ƙi raka ka ofishin 'yan sanda da kotu, riƙe kuɗinka ka nemi wani.