Karayar Kan Ƙashin Ƙwauri a Jikin Tsofaffi

Sanin kowa ne cewa karaya iri-iri ce. Akwai wadda take samun tsakiyar ƙashi, akwai kuma wadda take shiga cikin gaɓa. Karayar kan ƙashin ƙwauri, watau daidai ƙarƙashin gwiwa, tana cikin rukuni na biyu, kuma wannan shi ya sa maganinta ya bambanta da na sauran.

Kan ƙashin nan shimfiɗaɗɗe ne, lulluɓe da guringuntsi, kuma a bisansa ƙashin cinya yake zaune da nauyin jiki. Matashi bai cika karyewa a nan ba sai da babban haɗari, kamar na mota ko babur. Tsofaffi kuwa, musamman matan da suka daina al'ada, ƙashinsu kan yi sakayau kamar itacen da gara ta ci ta ciki. A ƙasa mai duwatsu irin ta Rurum da Rano, zamewa a kan falalen dutse kaɗai ta isa. Ƙashin cinya ya danna kamar taɓarya, sai kan ƙwaurin ya lotsa, galibi ta gefen waje. A 1979 wani likitan ƙashi a Toronto ta ƙasar Kanada, Joseph Schatzker, ya kasa wannan karaya gida shida. Lotsawar nan, ko ita kaɗai ko tare da tsagewa, ita aka fi gani a jikin tsofaffi.

Bisa al'ada, wurin mai ɗori ake fara zuwa. To, mai ɗori da hannu yake lalube, ya ja ƙafa, ya ɗaure da kara. Amma hannu ba ya kai wa ga abin da ya nutse a cikin gaɓa. Idan ƙashi ya haɗe a lotse, ƙafa takan yi gwame, gwiwa ta sandare, ciwon gaɓa ya zauna. Bugu da ƙari, babbar jijiyar jini ta bayan gwiwa take bi, kuma wurin yana kumbura ƙwarai. Ɗauri mai tsanani yana iya tsayar da jini, ƙafa ta mutu cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka idan zafi ya yi ta ƙaruwa, ko yatsu suka yi sanyi, ko suka daina jin taɓi, lalle a kwance ɗaurin, a garzaya asibiti.

Matakin farko shi ne hoton ƙashi. Mutumin Rurum ko Kibiya zai fara da Babban Asibitin Rano, daga nan a tura shi Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can akan ƙara da hoton na'ura mai kwamfuta, mai nuna ƙashi yanki-yanki, don a auna zurfin lotsawar.

Hanyoyin magani uku ne. Idan ƙashi bai goce ba, sai a sa filasta ko takalmin gwiwa. Idan ya lotsa, sai a yi aiki: a ɗago shi, a cike ramin da wani ƙashi, a tallafe da ƙarfe da kusoshi. Idan kuwa gwiwar ta riga ta lalace da tsufa, akan sauya ta da ta ƙarfe da roba. A hanyoyi biyu na farko, ba a taka ƙafar sai bayan mako 6 zuwa 12, amma ana fara lanƙwasa gwiwa da wuri. Doguwar kwanciya ita ce babbar abokiyar gabar tsoho, domin tana jawo gyambo da daskarewar jini da ciwon huhu.

Ɗalibai da ma'aikata su ne iyaye suke jin shawararsu a ƙauye. Abin da ya kamata su riƙe shi ne, duk tsohon da ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura har ya kasa takawa, a ɗauki hoto tun kafin a ɗora. Cikin 'yan makonni ƙashi yake fara haɗewa, ko daidai ko a karkace, kuma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.