Rayuwar bakteriya a ƙarancin iskar oksijin

Bakteriya ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da yawansu suna amfani da iskar oksijin wajen ƙona sukari domin samun ƙarfi. Idan iskar ta yi ƙaranci, wasu sukan daina yaɗuwa ko su mutu, wasu kuma sukan sauya hanyar sarrafa abincinsu su ci gaba da rayuwa. Masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya bayyana irin wannan rayuwa a shekarar 1861.

Yadda sauyin ke faruwa

Bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum, tana da wani furotin mai suna FNR da ke gane raguwar oksijin. Da zarar iskar ta ragu, sai ya kunna wasu ƙwayoyin gado, ya kashe wasu. Daga nan bakteriyar takan yi numfashi da sinadarin naitiret a madadin oksijin. Idan babu shi, sai ta koma tsima sukari. Wannan hanya ba ta da riba sosai: ƙwayar sukari ɗaya takan ba da ATP, wato ma'ajiyar ƙarfin ƙwayar halitta, biyu zuwa uku kacal, alhali da oksijin takan ba da ninkin haka sau da yawa.

A Birnin Kudu da Gwaram

Ana ganin tasirin wannan a fadamun Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Idan ruwa ya kwanta a gonar shinkafa, oksijin ɗin cikin ƙasa yakan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai bakteriyar ƙasa su koma kan naitiret, su mayar da shi iskar naitirojin da ke tashi sama. Ta haka manomi ke asarar wani kaso na takin zamanin da ya saya. Shi ya sa masana aikin gona ke ba da shawarar a binne takin yuriya cikin taɓo maimakon watsa shi, domin a can ƙasa ba ya saurin rikiɗewa zuwa naitiret.

Tsimar tana da amfani kuma. Bakteriyar Lactobacillus da danginta suna tsima sukarin madara ya zama sinadari mai tsami. Shi ne ke daskarar da kindirmo, yake kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta a cikin nonon da ake dama fura da shi.