Kafin a Tura Google Form: Abin da Gwajin Facebook da Rikicin Linux Ke Koya wa Ɗalibi Mai Neman Maudu'in Bincike

A cikin mako guda na watan Janairun 2012, kamfanin Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 suke gani idan sun buɗe shafinsu, ba tare da ya sanar da su ba. Wasu an rage musu rubuce-rubucen abokai masu ɗauke da kalaman farin ciki, wasu kuma an rage musu masu kalaman damuwa. Abin da ake son ganowa shi ne ko yanayin zuciya yana yaɗuwa ta intanet kamar yadda hamma ke yaɗuwa a cikin taro.

Sakamakon ya fito a watan Yunin 2014 a mujallar kimiyya ta PNAS, da sunan Adam Kramer na Facebook da Jamie Guillory da Jeffrey Hancock na Jami'ar Cornell da ke Amurka. Sun gano cewa waɗanda aka rage wa kalaman farin ciki sun ɗan ƙara rubuta kalaman damuwa, ɗaya rukunin kuma akasin haka. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, amma ƙurar da binciken ya tayar ba ƙarama ba ce, domin babu ko mutum ɗaya da aka nemi yardarsa.

Masu binciken sun kafa hujja da cewa duk wanda ya buɗe Facebook ya riga ya amince da ƙa'idojin amfani da bayanansa. Kwamitin ɗa'ar bincike na Cornell kuwa ya ce aikin bai shiga hurumin sa ba, tunda kamfani ne ya tattara bayanan. Masu suka sun tambayi wanda zai ɗauki alhaki idan a cikin dubban mutanen nan akwai mai fama da ciwon damuwa, aka kuma ƙara masa da gangan. Daga ƙarshe mujallar ta wallafa sanarwar nuna damuwa kan rashin neman izini, sannan a watan Oktoban 2014 Facebook ya sanar da sabon tsarin tantance bincikensa.

Tambaya mai kyau, hanya marar kyau

Labari na biyu ya shafi duk mai riƙe da wayar Android, domin a kan Linux aka gina ta. Linux manhaja ce da kowa ke iya aika mata gyara, sai masu kula da ita su duba su karɓa ko su ƙi, kuma wasunsu aikin sa-kai suke yi.

A 2020, Qiushi Wu da malaminsa Kangjie Lu na Jami'ar Minnesota sun so sanin ko mugu zai iya cusa ɓaraka a cikin Linux da sunan gyara. Tambaya ce mai muhimmanci ga tsaron biliyoyin na'urori. Sai dai hanyar da suka bi ita ce aika gyare-gyare masu ɗauke da aibi a ɓoye, da sunayen bogi, don su ga ko masu dubawa za su kama. Ba su gaya wa kowa a cikin masu kula da Linux ba. Kwamitin ɗa'a na jami'ar ya ɗauki aikin a matsayin bincike kan manhaja, alhali haƙuri da lokacin mutane ake gwadawa.

A watan Afrilun 2021, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya haramta karɓar gyara daga jami'ar baki ɗaya. Aka koma ana sake duba gyare-gyare fiye da 400 da suka fito daga can, ciki har da na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Masu binciken sun nemi afuwa, sun kuma janye takardarsu daga babban taron tsaron kwamfuta na IEEE da ya riga ya karɓe ta. Da sun fara neman izinin shugabannin Linux, kamar yadda ƙwararrun masu gwajin kutse ke yi kafin su taɓa na'urar kamfani, da wataƙila sun sami amsar tambayarsu ba tare da sun jawo wa jami'arsu baƙin jini ba.

Kano ta san wannan ciwo

Batun neman izini ba baƙo ba ne a Arewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata ba daidai ba, yana mai cewa cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Rashin yardar da lamarin ya haifar na cikin abubuwan da masana ke ambatawa idan ana maganar ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne aka shimfiɗa ƙa'idoji. Rahoton Belmont na 1979 a Amurka ya tsayar da guda uku: girmama ɗan adam, rinjayar da amfani a kan cutarwa, da adalci wajen zaɓen waɗanda za a yi bincike a kansu. Rahoton Menlo na 2012 ya ɗauko su zuwa binciken kwamfuta da intanet, ya ƙara ta huɗu, wato mutunta doka da maslahar jama'a. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi sharuɗɗan tattara bayanan mutum, ciki har da neman yardar iyaye idan yaro bai kai shekara 18 ba.

Zaɓen maudu'i

Ɗalibin shekarar ƙarshe ba shi da ƙarfin Facebook, amma wayar hannunsa ta ishe shi cutar da wani. Shi ya sa ɗa'a ke farawa tun daga zaɓen maudu'i.

Maudu'i mai kyau yana da iyaka. "Tasirin kafofin sada zumunta ga matasan Najeriya" ya fi ƙarfin zangon karatu biyu. "Yadda masu sayar da atamfa a Kantin Kwari ke karɓar oda ta WhatsApp" yana da wuri, yana da mutane, ana kuma iya gama shi da kuɗin mota da na data.

Abu na biyu shi ne ko za a iya samun bayanan ta hanyar da ta dace. Idan amsar tambayar ba za ta samu ba sai an shiga rukunin WhatsApp da sunan ƙarya, ko an ɗauki hoton hirar mutane a asirce, to ko dai a sauya hanya ko a sauya tambayar. Kasancewar ana iya ganin rubutu a intanet bai zama izinin kwashe shi da sunan mai shi ba.

Na uku, wa zai cutu idan bayanan suka fita? Bincike kan shaye-shaye, bashin manhajojin ba da rance ko caca ta waya na iya zubar da mutuncin wanda ya amsa, musamman a ƙaramin sashe inda shekaru da unguwa kaɗai sun isa a gane mutum. Irin wannan yana buƙatar amincewar malami mai duba aikin da kwamitin ɗa'a kafin a yi tambaya ko ɗaya.

Na huɗu, gaskiya a wajen rubutu. ChatGPT da ire-irensa suna iya ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekarar bugu waɗanda babu su a duniya, don haka duk madogara sai an nemo ta an karanta. Cike fam ɗin tambayoyi da hannun kai don adadi ya cika ƙirƙirar sakamako ne, sayen gamammen aiki a shagon buga takardu kuwa satar fasaha ce, ko Turnitin ta kama ko ba ta kama ba.

Layuka biyar a saman fam

Binciken ɗalibai da dama a yau Google Form ne da ake yaɗawa ta WhatsApp. Kafin tambaya ta farko, ya kamata mai amsawa ya ga sunan mai binciken da makarantarsa, dalilin binciken, waɗanda za su ga amsoshin, lokacin da za a goge su, da kuma cewa yana da damar fasawa a kowane mataki. Idan babu buƙatar suna ko lambar waya, kada a tambaya, a kuma kashe zaɓin tattara adireshin imel. Takardar Google Sheets da amsoshin ke sauka a ciki a bar ta a kulle, kada a buɗe ta ga duk wanda ya sami mahaɗinta. Ga wanda ba ya jin Turanci, a rubuta bayanin da Hausa ko a tura masa saƙon murya, domin wanda bai fahimci abin da ya amince da shi ba, ba a nemi izininsa ba tukuna.