Daga Sabon Gari zuwa Saliyo: Yadda ake bin salsalar dangi

Cikin waɗanda suka fara zama a Sabon Garin Kano, maƙwabciyar Fagge, bayan kafa ta a 1913, akwai akawuna 'yan asalin Saliyo. Kakannin da yawansu bayi ne da aka 'yanta. Tun daga 1808 sojojin ruwan Ingila ke tare jiragen bayi masu tafiya da iska, su sauke mutanen a Freetown, har da Hausawa da Barebari. Rajistarsu ta ƙunshi suna, shekaru, tsawo da tsagar fuska. Sai dai da yawa sun ɗauki sunayen Turawa daga baya, a nan zaren yakan tsinke. Don haka mai bincike ya fara da dattawan gida, takardun fili da littattafan baftisma, tun ba su salwanta ba.