Haƙorin da Aka Ce Zai Faɗi

A Kucheri, kamar sauran garuruwan da ke bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, in yarinya 'yar shekara huɗu ta kwana tana kukan haƙori, abin da za a fara cewa shi ne, "A rabu da shi, ai na nono ne, famfara za ta ɗauke shi." Sai a sayo farasitamol a kemis, ko a cusa kanumfari a kogon, kumburi ya sace, a manta. Bayan shekara goma yarinya ta zama budurwa, haƙora sun hau kan juna, fiƙa ta leƙo ta saman dasashi, in za ta yi dariya sai ta kai gefen hijabi baki. A lokacin ne ake fara cigiyar inda ake sa wayar gyaran haƙori da nawa ake biya. Ba kowa ke haɗa kukan wancan dare da wannan kunya ba, alhali sau da yawa ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Haƙoran nono ashirin ne. Na farko kan fito wajen wata shida, su gama cika kafin shekara uku. Na gaba ne ke fara faɗuwa a wajen shekara shida, kuma su ido ke gani, shi ya sa ake zaton dukkansu 'yan gajeren zango ne. Amma turamen nono, na can ciki da ake tauna da su, sai shekara goma zuwa goma sha biyu suke sauka. Duk tsawon wannan lokaci suna riƙe wa na dindindin gurbi, kamar wanda aka bari gadin fili kafin mai shi ya zo gini. In turmin nono ya ruɓe aka cire shi a shekara biyar, na bayansa sai ya gangaro sannu a hankali ya cinye wurin. Ranar da mai gurbin ya tashi fitowa sai ya tarar an rufe masa hanya, ya ɓullo ta gefe ko ya maƙale a cikin ƙashi. Akwai kuma haƙori guda da ya fi kowane shan zalunci: turmin farko na dindindin, wanda kan tsiro a shekara shida a bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Tunda ba a ga famfara ba, iyaye kan lissafa shi cikin na nono, su bar shi ya ruɓe. Shi kuwa ba shi da magaji.

Wani zai ce karkacewar haƙori gado ce, kuma yana da gaskiyarsa. Yaro kan gaji ƙaramin muƙamuƙi daga wani gefe da manyan haƙora daga wani, kuma babu aswaki ko buroshin da zai hana wannan cunkoso. Wushirya ma ba cuta ba ce, Bahaushe ado ya ɗauke ta, babu dalilin biyan kuɗi a rufe ta. Sai dai gado bai ƙare lissafin ba. Faɗuwar haƙorin nono kafin lokaci, da tsotson yatsa da ya zarce shekara huɗu ko biyar har haƙoran gaba suka turo waje, abubuwa ne da ake iya tarewa a gida. Abin da ya rage shi ne na likita, kuma wayar gyaran haƙori tana aiki. Tana danna haƙori ne da ɗan ƙarfi ba dare ba rana, ƙashin da ke gefen da ake turawa ya riƙa narkewa, wani ya ginu a baya, haƙori ya riƙa matsawa kamar milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa wurin likita duk bayan 'yan makonni, sannan in an cire a ci gaba da sa wani mariƙin don kada haƙoran su koma gidan jiya. Ƙwararrun wannan fanni 'yan kaɗan ne a Najeriya, akasarinsu a manyan birane da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Mutumin Kucheri ko Kwatarkwashi ya lissafa kuɗin mota sau ashirin, ya haɗa da halin da hanyoyin yankin ke ciki, kafin ma a zo kan kuɗin aikin. Wayar kwalliya da wanda ba likita ba ke manna wa 'yan mata kuwa, ita ma tana motsa haƙori, amma ba wanda ya san inda za ta kai shi.

To me ke ruɓar da haƙorin tun farko? Ba tsutsa ba ce, duk da masu hayaƙi da ke nuna wa mutane wasu fararen abubuwa a cikin ruwa su ce sun fito da ita. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dauɗar da ke manne a jikin haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori na kusan rabin awa, kafin miyau ya wanke ya fara gyara ɓarnar. Saboda haka yawan maimaici ya fi yawan abin da aka sha illa. Yaron da ya sha shayi mai sukari da safe, ya tsotsi alawa a hanyar makaranta, ya sayi tuwon madara da tara, ya sha zoɓo da azahar, ya tafi Islamiyya da biskit a aljihu, bakinsa bai huta ba tun wayewar gari. Mafi muni shi ne jaririn da ake kwantarwa da bulumboti mai zaƙi a baki, don da dare miyau kan ja baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa in da hali kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce wajen cokalin shayi shida a rana ga babba, kuma kwalbar lemo ɗaya kan zarce wannan.

Masu cewa aswaki ya wadatar su ma ba a banza suke magana ba. Sunna ce, kuma wanda ya iya shi, yana bin haƙori ɗaya bayan ɗaya a kowace alwala, ya fi mai buroshin da ke wucewa sau biyu ya tofar. Matsalarsa biyu. Tsinkensa a miƙe yake, da wuya ya kai bayan turame, inda ruɓa ta fi farawa, kuma ba ya ɗauke da sinadarin fuloraid gwargwadon da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Babu dalilin zaɓen ɗaya a bar ɗaya: aswaki da rana, makilin mai fuloraid da safe da kuma kafin barci. Ga wanda bai kai shekara uku ba, shafa kamar ƙwayar shinkafa ta isa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, babba ne zai goge masa, a tofar kada a kuskure da ruwa nan take. Manya ma su lura cewa jini a jikin aswaki alamar ciwon dasashi ce, wanda ke girgiɗe haƙorin da bai taɓa yin kogo ba, musamman ga masu ciwon sukari da masu shan taba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce, a inda ake fama da 'yan bindiga da tamowa da gudun hijira, wa ke da lokacin haƙori? Amsar tana Sakkwato. A can akwai asibitin yara na cutar noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Sunan ba shi da alaƙa da aikin gona, daga Girkanci ya fito, da ma'anar cinyewa. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da warin baki, sai kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta huda fuska. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. In kuwa an gano ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Wato a inda yunwa ta fi tsanani, a nan ne leƙa bakin yaro ya fi zama wajibi.

Akwai wata al'adar da ke rufe ido a kan ciwon yaro, ta jingina zazzaɓi da gudawa ga fitar haƙori. Fitar haƙori kan kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma zazzaɓi mai zafi da gudawa suna da nasu sanadin, kuma jiran haƙori ya fito kan sa a makara. Maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka gurɓata da guba, ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009, a kan abin da tun asali ba ya bukatar magani.

Ba za a samu likitan haƙori a kowace gunduma ta Tsafe ko Bungudu nan kusa ba, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau sun yi wa mai ƙaramin kogo nisa. Amma akwai ma'aikatan lafiya da ke ganin yaran nan a ranar rigakafi da ranar awon tamowa. Ɗaga leɓen yaro a duba dasashi da haƙoran gaba bai kai minti ɗaya ba, ba ya bukatar komai sai hannu mai tsabta da hasken tocilan. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, tare da wani ruwan azurfa da fuloraid da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓa, ba inji, ba lantarki, ba allura. Aibinsa ɗaya, yana baƙanta wurin da ya ruɓe. A turmin nono na can ciki, wanda ba mai gani, wannan ba wani abin damuwa ba ne, tunda zai zauna ya riƙe gurbin har mai shi ya iso a shekara goma sha ɗaya.