Tukuici a Bisa Teku: Kyauta ce ko Albashi?

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. A ƙasar Hausa, idan wani babban mutum ya aiko maka da rago ko riga, ba ka sallamar ɗan aike hannu sake. Sai ka laluba aljihu ka ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba wanda ya yanka maka farashi, ba kuma wanda zai kai ka ƙara in ba ka bayar ba, kunya ce kaɗai alƙali. To, ƴan'uwa masu karatu, yau za mu kai ku wani wuri inda wannan al'ada ta sake kama, har ta zama lissafi da ake rubutawa a takarda, kashi kaza bisa ɗari. Wurin nan shi ne manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, musamman ɗakunan cin abincinsu na alfarma.

Waɗannan jirage ba na dakon kaya ba ne. Otel-otel ne masu tafiya bisa ruwa: su tashi daga Miami ta Amurka, ko Barselona ta Ispaniya, ko Marsai ta Faransa, su zaga tsibirai da garuruwan gaɓa kamar kwana bakwai, su komo inda suka tashi. Ƙungiyar kamfanoninsu, wadda ake kira CLIA, ta ƙirga matafiya miliyan 31 da dubu 700 a shekara ta 2023, da sama da miliyan 34 a shekara ta 2024. Jirgin nan Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki cikin watan Janairu na 2024, yana iya ɗaukar matafiya har 7.600, ban da ma'aikata 2.350. Watau gari guda ne ke yawo.

Kuɗin tikiti ya ƙunshi makwanci da abinci a babban ɗakin cin abinci, inda kowa ke ci safe da rana da dare. Amma akwai wasu ƙananan ɗakuna a gefe, kowane da gwanintarsa: wannan na gasasshen naman shanu, wancan na girkin Italiya, wani na Japan inda kuku ke soya abinci a gaban masu ci bisa faffaɗan ƙarfe, yana wasa da wuƙaƙe. Wanda ke son shiga can sai ya yi rajista ya biya daban, daga wajen dolar 30 har sama da dolar 100 ga mutum ɗaya. Dolar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Kowace ɗaya tana kai-komo kusa da sefa 600, gwargwadon canjin ranar.

Asalin abin

Ba jiya aka fara ba. A shekara ta 1905 kamfanin Jamus na Hamburg-Amerika ya buɗe irin wannan ɗaki cikin jirginsa mai suna Amerika, da sunan Ritz-Carlton, inda attajiri zai zaɓi abin da ransa ke so, a lokacin da ya ga dama, ya biya daban. Jirgin Titanic ma yana da nasa, a hannun wani Ba'italiye mai suna Luigi Gatti. Ma'aikatan ɗakin, sama da mutum 60, galibinsu Italiyawa da Faransawa, yaran Gatti ne, ba na kamfanin jirgin ba. Daren da jirgin ya nutse cikin watan Afrilu na 1912, mutum uku ne kawai suka tsira daga cikinsu. Jirgin Ingila Queen Mary, da ya fara tafiya a 1936, shi ma yana da ɗakinsa na musamman, Verandah Grill.

A wancan zamani, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, tsarin tukuici a fili yake. An ba ka tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya tun daren farko har na ƙarshe. Ya san sunanka, ya san ba ka son gishiri da yawa. Daren ƙarshe sai ka sa kuɗi cikin ambulan ka miƙa masa, ka ba mataimakinsa, ka ba mai gyaran ɗakinka. Aibin tsarin kuwa shi ne wasu matafiya kan ƙi zuwa cin abinci a wannan dare don kada a haɗa ido, ma'aikaci ya yi hidimar mako guda ya tashi a tutar babu.

A shekara ta 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya sake tsari: kowa ya ci inda yake so, a sa'ar da yake so. Da tebur ya daina zama ɗaya, ma'aikaci ya daina zama ɗaya, sai ambulan ta rasa hannun da za a miƙa wa. Daga nan kamfanoni suka koma yanka wani adadi kowace rana, suna rubuta shi cikin lissafin matafiyi ba tare da an tambaye shi ba.

Biya uku a tafiya ɗaya

A nan ne baƙo ke ruɗewa, domin tukuicin ya zama hawa-hawa.

Na farko shi ne na kullum. Daga watan Nuwamba na 2024 Royal Caribbean ya sa dolar 18 da rabi ga kowane mutum a kowace rana, dolar 21 ga masu manyan ɗakuna. Norwegian ya kai nasa dolar 20 tun Janairun 2023. Kamfanonin Turai irin su MSC da Costa sun karɓi wajen euro 11 ko 12 a tekun Bahar Rum a shekara ta 2024. Mu buga lissafi: mai gida da uwargida da yara biyu, kwana bakwai, bisa dolar 18 da rabi, ya kama dolar 518, watau kusan jika 300 na sefa, ba su ma taka ƙofar ɗakin alfarma ba tukuna. Ana raba wannan kuɗi tsakanin masu kawo abinci, da masu gyaran ɗakuna, da wasu da matafiyi ba ya taɓa gani, can ƙasan jirgi.

Na biyu shi ne wanda ake ɗorawa bisa kuɗin ɗakin alfarma kansa. A shekara ta 2024 Royal Caribbean na ƙara kashi 18 bisa ɗari, Norwegian kuwa kashi 20. A ce miji da mata sun ci abincin dolar 60 kowannensu: dolar 120 ke nan, a ɗora kashi 18, ya zama dolar 141 da santi 60. Wanda ya yi rajista tun yana gida ta intanet, sau da yawa ya riga ya biya wannan ƙari tun ranar, ko da ya manta. Har abincin da wasu kamfanoni ke tallarsa da sunan kyauta, akan nemi tukuicinsa bisa ainihin farashinsa.

Na uku kuwa layi ne fari, ba kome a kansa. Bayan an gama ci sai ma'aikaci ya kawo takarda da alƙalami don a sa hannu, domin cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ne ke biyan kome. A ƙasan takardar akwai wurin da aka bari don ƙarin tukuici. Nan ne mai kunya ke faɗawa. Ya ga layi, ga ma'aikaci tsaye da fara'a, ga baƙi a teburin kusa, sai ya rubuta wani kashi 18 ko 20, bai san ya biya sau biyu ba. Wani kuma ya fusata, ya ga kamar an yi masa wayo, ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ladabin wurin ba shi da wuya. A karanta takarda kafin a ɗauki alƙalami. In an ga an riga an ɗora kaso, to an sauke nauyi, kuma ba abin kunya ba ne a ja layi a wurin a sa hannu. In ba a fahimta ba, matambayi ba ya ɓata: a tambayi ma'aikacin ko shugaban ɗakin a hankali ko an haɗa da kuɗin hidima. Tambaya ce da suke ji kowane dare. Wanda kuma aka yi wa hidimar da ta wuce ƙa'ida, misali aka kula da tsohuwarsa da ba ta iya tauna nama, ko aka shirya masa bikin cikar shekarun aurensa, al'adar masu yawan tafiya ita ce a ƙara dolar 5 ko 10 a kan kowane mutum. Wannan shi ne tukuici irin wanda muka sani, na ganin dama. Da yawa sun fi son su ba da shi tsaba, hannu da hannu, a naɗe, ba tare da an ɗaga shi sama jama'a su gani ba. A wasu jiragen ma'aikatan ɗaki ɗaya kan tara abin da suka samu su raba.

Ba a miƙa wa kyaftin ko hafsoshin jirgi kuɗi. Masu albashi ne cikakke, kuma yin haka raini ne. Ba a kuma ba da tukuici kafin a zauna don a samu tebur na bakin taga. Abin da ya riga aiki zuwa yana da wani suna dabam a Hausa, kuma ma'aikatan ofis sun san shi.

Kowane jirgi da al'adarsa

Kada wani ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Wannan tsari na Amurka ne, ƙasar da mai kawo abinci ya dogara ga tukuici ko a kan tudu. A Faransa doka ta 1987 ta tilasta a rubuta farashi haɗe da kuɗin hidima, shi ya sa wanda ya yi karatu ko horo can ya saba da barin ƴan canji kawai a faranti. Kamfanin Ingila P&O Cruises ya soke kuɗin kullum a watan Mayu na 2019, ya ce yana cikin tikiti. Mutanen Ostareliya ba su da al'adar tukuici, don haka jiragen da ke tashi daga can sukan shigar da shi cikin farashi. Haka ma kamfanonin manyan attajirai irin su Silversea da Seabourn da Regent: an biya kome tun farko, ma'aikaci ba ya jiran ƙari. Adadin kuma yana tashi kusan kowace shekara biyu, saboda haka takardar kamfani ta ranar tafiya ita ce shaida.

Wanda ke tsaye bayan kujera

Yanzu mu waiwayi mai ɗauke da faranti. Galibi ɗan Filifin ne, ko Indonesiya, ko Indiya. Akwai kuma ƴan Amurka ta Kudu da gabashin Turai da Afirka ta Kudu. Yakan sa hannu a yarjejeniyar wata shida zuwa tara, yana aiki kwana bakwai a mako, yana kwana cikin ƙaramin ɗaki marar taga tare da abokin aiki. Jirgin da yake ciki, ko da ofishin masu shi na Miami, tutar Bahamas ko Panama ko Malta yake ɗagawa, don haka dokar albashin Amurka ba ta hau kansa ba. Abin da ke kāre shi shi ne yarjejeniyar aikin teku ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2006, ta fara aiki a watan Agusta na 2013. Ta ce dole ma'aikaci ya samu hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Mai lissafi zai ga cewa doka ta bar ƙofar aikin awa 91 a mako a buɗe. Mafi ƙarancin albashin ƙwararren matuƙi da ƙungiyar ta tsayar kuwa dolar 673 ne a wata a shekara ta 2025.

Ga mai kawo abinci a jiragen Amurka, babban rabon abin da yake aikawa gida daga wancan kuɗi na kullum da wancan kaso yake fitowa. Da shi ake biyan kuɗin makarantar yara a Manila, da shi ake ginin gida a Bali ko Goa. An ga haka ƙarara a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen duka: matafiya suka sauka, tukuici ya yanke, dubban ma'aikata suka yi watanni a bisa ruwa suna jiran a maida su ƙasashensu.

Yawancin kamfanonin Amurka sun yarda matafiyi ya je ofishin baƙi ya rage kuɗin kullum ko ya soke shi. Wasu na yin haka, suna cewa kamfani ne ya kamata ya biya ma'aikatansa, ba su ba. A ganinmu maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Abin da aka yanka maka, aka rubuta cikin lissafinka ba ka nema ba, ya fita daga sunan kyauta. Albashi ne aka ɓoye don tikiti ya yi araha a talla. Kamfanoni ba sa kuma bayyana wa matafiyi dalla-dalla nawa ke isa hannun wane, har mai zargi ya samu bakin cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hanyar P&O da ta Faransa ta fi tsabta: a faɗi farashi na gaskiya, a biya ma'aikaci haƙƙinsa, wanda ya ji daɗi ya ƙara.

Amma wanda ya soke kuɗin don ya hori kamfani, bai taɓa kamfani ba. Mai wankin faranti ya taɓa, da mai gugar zanen tebur, waɗanda ko ambulan ta zamanin da ba ta isa gare su ba. Mai ƙorafi yana da inda zai kai ƙorafinsa: ya rubuta wa kamfani, ko ya zaɓi wani jirgi a tafiya ta gaba.

Akwai kuma wani abu da ba ya cin ko tamma. A ƙarshen tafiya kamfani kan aiko wa matafiyi takardar tambayoyi don jin ra'ayinsa, kuma shugabanni na duba sunayen ma'aikatan da aka yaba a ciki sa'ad da za a yi ƙarin girma ko sabunta yarjejeniya. Daga babban ɗaki ake zaɓo waɗanda za su yi aiki a ɗakunan alfarma. Shi ya sa kowane ma'aikaci ke maƙale da ɗan allo a ƙirji, an rubuta sunansa da sunan ƙasarsu, kuma a daren ƙarshe za ka ji yana roƙon ka da murmushi kada ka manta yadda ake rubuta shi.